Malam-buɗe-littafi: ado a sama, ɓarna a garkar lemo

Duk mai garka a fadamun Birnin Ƙonni, Galmi ko Badagishiri ya san wani babban malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗige-ɗigen ruwan ɗorawa, da tabo kamar ido, ja da shuɗi, a fukafukansa na baya. Faɗinsa yakan kai santimita 10. Masana suna ce masa Papilio demodocus, sunan da Bajamushe Esper ya laƙaba masa a 1798. Ana samunsa kudu da Sahara, daga Sanagal har Afirka ta Kudu, da tsibirin Madagaska da kudancin ƙasar Larabawa.

A ƙasarmu, ruwa ne ke tsara masa lokaci. Idan damana ta sauka, itatuwa suka yi toho, sai ya yawaita har cikin kaka. Da ɗari kuwa yakan ragu, domin tsutsarsa na iya ƙamewa cikin kwanso a jikin reshe, ta jira sauyin yanayi. Amma inda ake ban-ruwa, kamar kwarin Majiya, lemo ba ya daina toho, shi ma bai cika ɗaukewa ƙaf ba.

Ga inda gizo ke saƙa: macen tana ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a kan ɗanyen ganyen lemo. Cikin 'yan kwanaki tsutsa ta fito, kamanninta sak kashin tsuntsu, har mai garka ya wuce ta bai kula ba. Da ta girma sai ta koma kore. In an taɓa ta, ta fiddo ƙaho biyu masu wari. Daga ƙwai zuwa tashi, wajen mako shida ne.

Babban icce yakan jure cinta. Dashe ne ke shan wuya, don tsutsa kaɗan kan iya tsige shi tas. Saboda haka, ma'aikaci ko ɗan kasuwan da ya zuba kuɗinsa a garka, ya umurci mai ban-ruwa ya riƙa duba toho kowane mako, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, yana tsince ƙwai da tsutsa da hannu. Wannan ya fi feshin magani araha, ba ya kuma kashe zumar da ke ziyartar fure. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.