Nawa Aka Biya Su? Tambayar Da Rahoton Bincike Ke Tsallakewa

Yau maganar kuɗi za mu yi, wato kuɗin da ake ba mutanen da ake gwajin magani a kansu, ko ake ɗibar jininsu don binciken lafiya.

Mu Kanawa ba sai an ba mu labari ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Tushen rigimar nan abu ɗaya ne: shin mutane sun amince da saninsu?

To, kuɗi ma yana taɓa amincewa. Biyan iri uku ne: kuɗin mota, ladan lokacin da mutum ya ɓata, sai kuma kyautar jawo hankali. Na farko da na biyu haƙƙi ne. Na ukun ne abin lura.

Ka ɗauki lebura a masana'antar jima ta Challawa, ko mai aikin yini a Sharada ko Bompai. In aka ba shi abin da ya ninka albashinsa na mako, zai tsaya karanta takardar haɗari kuwa? Wataƙila ma ya ɓoye wata cutar da ke jikinsa don kada a cire shi, sakamakon binciken ya gurɓace. In kuma ba a ba shi komai ba, ya yi asarar yininsa, wani can ya samu digiri da jininsa.

Ƙa'idar Helsinki ta ƙungiyar likitocin duniya ta ce dole a bayyana irin wannan biya a cikin tsarin binciken da ake kai wa kwamitin ɗa'a. Amma in an zo buga sakamakon a mujalla, sau da yawa shiru kake ji. Mai karatu ba shi da hanyar gane ko yarda ce ta kawo mutanen, ko yunwa.

Layi ɗaya ya isa: nawa aka bayar, don me, yaushe. Ɗalibanmu na Jami'ar Bayero, ku fara da naku rubutun. Kai kuma da za a miƙo wa takarda, ka tambaya kafin ka dangwala.

Ku ajiye ra'ayinku a ƙasa. Sai shiri na gaba.