Gyambon ƙafar mai ciwon sukari da sababbin magungunansa: matsalar kalmomi a Hausar Adar

0. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba wata matsala wadda take tsakanin ilimin harshe da aikin likita, wato yadda za a faɗa wa Bahaushen Madawa, Buza ko Keita abin da likitoci suke kira pied diabétique da Faransanci, da sababbin hanyoyin warkar da shi. Ma'aikacin lafiya ya yi karatunsa da Faransanci, majinyaci kuwa Adaranci yake ji, ga shi kuma kalma guda idan ta karkace tana iya jawo yanke ƙafa. Za mu fara da bayanin ciwon, sa'an nan magungunan, daga bisani mu kawo shawarwarinmu.

1. Ciwon da sunayensa

Ciwon sukari idan ya daɗe yana ɓata abu biyu a ƙafa: hanyoyin ji da hanyoyin jini. Na farko shi ke sa mutum ya taka ƙaya ko tsakuwa bai sani ba, na biyu kuma shi ke hana raunin samun jinin da zai warke da shi. Wani nazari da Armstrong da abokan aikinsa suka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 19 zuwa 34 bisa 100 na masu ciwon sukari za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma wajen kashi 40 bisa 100 na waɗanda suka warke gyambon yana komo musu cikin shekara guda. A ƙasa mai duwatsu kamar Adar, inda manomin albasa na kwarin Majiya ko na Tarka yake yini da ƙafa cikin laka, sanadin rauni ba ya wuya.

A nan wahala ta farko take. Hausa tana da kalma ɗaya, jijiya, inda Faransanci yake da huɗu: nerf, artère, veine, tendon. Idan aka ce wa mutum "jijiyarka ta mutu", ba a gaya masa wace ba. Muna ganin ya kamata a riƙa rarrabewa: jijiyar ji da jijiyar jini.

Game da raunin kansa, harshen bai gaza ba. Rauni sabo ne, miki ya fara zama, gyambo kuwa shi ne wanda ya daɗe ya ƙi warkewa. Saboda haka gyambo ne ya dace da ulcère. Hatsarin yana wajen kalmar daji da kalmar jifa, domin da zarar an laƙaba wa gyambo ɗayansu, akan karkata zuwa wajen boka, a bar likita sai ƙafa ta ruɓe.

2. Magungunan da ke sa nama ya toho

Abin da ake kira thérapies régénératives dabaru ne na tura jiki ya sake gina naman da ya ɓace. Iri uku suka fi shahara.

Na farko, sinadaran da ke umurtar ƙwayoyin jiki su hayayyafa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Regranex a 1997. Kiyuba kuma ta yi wa Heberprot-P rajista a 2006, wanda ake yin allurarsa a cikin gyambon.

Na biyu, fatar da aka raina a ɗakin bincike, kamar Apligraf da aka amince da ita don gyambon sukari a 2000, da Dermagraft a 2001, da kuma shimfiɗar da ake samowa daga mabiyiya.

Na uku, jinin majinyacin kansa: a ɗiba, a juya shi cikin na'ura har ƙwayoyin da ke daskarar da jini su taru, a ɗora su bisa gyambon. A gwajin LeucoPatch da aka buga a 2018, kashi 34 bisa 100 suka warke cikin mako 20, alhali kashi 22 ne suka warke da kulawar da aka saba.

Wace kalma za ta ɗauki wannan ma'ana? Tsiro ba ta yi ba, tun da a jikin mutum tsiro alamar cuta ce. Mun fi son toho, wato sabon ganyen da itace yake fitarwa bayan an sassabe shi, abin da kowane manomi ya sani. Sai mu ce magungunan tohon nama.

3. Jinya da haske

A 1967 Endre Mester, wani likita a Budafes ta ƙasar Hongiriya, ya lura cewa ɓerayen da ya aske ya haska musu leza mai rauni gashinsu ya fi saurin fitowa. Daga nan aka samo abin da ake kira photobiomodulation: jan haske, ko wanda ya ɗara ja kaɗan har ido ba ya ganinsa, mai tsawon zango tsakanin nanomita 600 da 1000. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne wani sinadari a cikin ƙwayar jiki yana shan hasken, sai ƙwayar ta ƙara kuzari. Muhimmin abu shi ne wannan haske ba ya ƙuna.

To, a bakin jama'a duk jinyar da ake yi da na'ura mai fitila gashi ce, kamar yadda ake cewa gashin ƙashi. Mu ɗauka an gaya wa wani dattijo a Buza cewa a birni ana warkar da gyambo da gashi. Da ya koma gida, lokacin ɗari, me zai hana shi kara ƙafa ga garwashi ko tsoma ta cikin ruwan zafi? Ƙafar kuwa ba ta ji, sai ya ƙone bai sani ba, gyambo ɗaya ya zama biyu. Don haka muna roƙon a kauce wa gashi da wuta gaba ɗaya. Haske mai sanyi ma bai yi ba, domin sanyi sunan wata cuta ce. Abin da ya rage shi ne jinya da haske marar zafi. A Adar a ce marar zahi, kamar yadda ake cewa ƙahwa maimakon ƙafa.

4. Abin da kalma ba za ta yi alkawarinsa ba

Sunan da aka ƙirƙiro yana iya yi wa magani kwalliyar da bai cancanta ba. Ƙungiyar masana ta duniya kan ƙafar mai sukari, IWGDF, a ƙa'idojinta na 2023 ta ce kada a yi amfani da jinya da haske don wannan gyambo, saboda hujjojin da ke akwai ba su da ƙarfi. Ba ta goyi bayan mayar da sinadaran hayayyafa ko fatar ɗakin bincike aikin kullum ba; ta dai yarda a gwada shimfiɗar jinin majinyaci ko ta mabiyiya idan kulawar asali ta kasa.

Kulawar asalin kuwa ita ce: daidaita sukari, kankare mataccen nama, kashe ƙwayoyin cuta, duba gudun jini, da ɗauke wa gyambon nauyin jiki. Wannan na ƙarshe an koyo shi ne daga jinyar kuturta, musamman aikin Paul Brand a Indiya, kuma ilimi ne da ba baƙo ba ne a ƙasar da take da cibiyar Danja kusa da Maraɗi da asibitin Galmi da aka buɗe tun 1950. Faransanci yana cewa décharge. Hausa tana da aikatau wanda ya fi shi kai wa ga zuciya: fama. Kowa ya san fama gyambo. Ma'aikacin da ya ce "kowane taki da ka yi fami ne" ya gama bayani.

5. Kammalawa

Mun kawo shawara huɗu: jijiyar ji da jijiyar jini, magungunan tohon nama, jinya da haske marar zafi, da fami a matsayin ginshiƙin gargaɗi. Shawarwari ne na tebur, ba su zama kalmomi ba sai bakin mutane ya karɓe su. Muna fatan ɗalibanmu ƴan asalin jahar Tawa za su kai su asibitocin gundumomin Madawa, Buza da Keita, su faɗa wa majinyata, sa'an nan su nemi kowane ya maimaita abin da ya fahimta da nasa kalmomin. Kalmar da ta komo a karkace, sai mu sake ta.