Turken da ke Cikin Ƙwayar Halitta

Da zarar damina ta sauka a Dutsen Abba da sauran ƙauyukan kewayen Zariya, mai akuya yakan kafa mata turke. Ciyawar da igiya ta kai gare ta ita za ta ci, shukar maƙwabci kuwa ta tsira. To, akwai irin wannan tsari a cikin ƙwayoyin halittar jikinmu.

Idan mutum ya firgita, sinadarin adirinalin yakan isa bangon ƙwayar tsokar zuciya. Nan take sai a samar da wani ɗan aike a ciki mai suna cAMP, wanda bincike a kansa ya sa Earl Sutherland ya sami kyautar Nobel a 1971. Ɗan aiken shi ke tayar da enzayim ɗin da ake kira PKA, shi kuwa ya liƙa fosfet a jikin wasu furotin, su sauya aiki. Amma fa furotin ɗin da PKA zai iya taɓawa suna da ɗimbin yawa. Da a sake yake, da saƙo guda ya birkita ƙwayar baki ɗaya.

Wajen 1980 masana a Amurka suka lura da wani abin mamaki. Sinadarai biyu sun ƙara yawan cAMP a zuciya, amma ɗaya ne kaɗai ya ƙarfafa bugunta. Ashe kowannensu PKA ɗin wani sashe dabam yake tayarwa. A farkon shekarun 1990 John Scott da abokan aikinsa suka bayyana yadda wasu furotin da ake kira AKAP suke riƙe PKA. Waɗannan su ne turakan. Gefe ɗaya na turke yana kama enzayim, ɗaya gefen yana manne da bangon ƙwaya ko mitokondiriya. Bugu da ƙari, da yawansu suna riƙe da enzayim mai rusa cAMP, don kada saƙo ya tsallaka iyaka.

Me zai faru idan turke ya yi rauni? Akwai wani AKAP mai suna yotiao, wanda yake ajiye PKA daf da ƙofar da fotashiyam ke fita daga ƙwayar zuciya. A 2007 an gano wani majiyyaci wanda canjin gado ya sassauta masa wannan riƙo. Irin wannan zuciya takan makara wajen shirya bugu na gaba, abin da kan jawo suma, har ma da mutuwar farat ɗaya.

Saboda haka, malamai, idan kun zana ƙwayar halitta a allo, ku nuna wa ɗalibai cewa ba tukunyar miya ba ce da kome ke yawo a ciki. Inda aka ɗaure enzayim shi ke ƙayyade aikin da zai yi.