Matsayin 'Yan Takarar Ƙananan Jam'iyyu a Zaɓen Shugaban Ƙasar Amurka

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce bayyana dalilin da ya sa ɗan takarar ƙaramar jam'iyya, ko mai zaman kansa, ba ya hawa kujerar shugabancin Amurka, alhali kuwa yakan yi tasiri a zaɓen.

Da farko dai, ya kamata a fahimci cewa ba yawan ƙuri'un jama'a ke naɗa shugaba a can ba. Akwai wakilai masu zaɓe 538 da aka raba wa jihohi da babban birnin ƙasar, kuma sai wanda ya sami 270 ya ci. In ban da Maine da Nebraska, duk wanda ya zo na ɗaya a jiha shi ke kwashe wakilanta kaf.

Saboda haka ne Ross Perot ya sami kusan kashi 19 cikin ɗari na ƙuri'u a 1992, amma ya tashi a tutar babu, domin magoya bayansa a warwatse suke. Shi kuwa George Wallace, da ƙasa da kashi 14 a 1968, ya ci jihohi biyar na kudu, ya sami wakilai 46.

To, ina tasirin nasu yake? Yana wajen raba ƙuri'a. A 2000 Ralph Nader ya sami ƙuri'a fiye da 97,000 a Fulorida, jihar da George W. Bush ya kayar da Al Gore da ratar 537 kacal, ya zama shugaba. Wannan ne ke sa mai zaɓe ɗari-ɗari da ƙaramar jam'iyya, don gudun kada ƙuri'arsa ta taimaki wanda ya fi ƙi.