Gyaɗa, masara da sinadarin NAD: giɓin da ke cikin tuwo

A ƙauyukan 'Yankwashi, Roni da Gwiwa, da zarar kaka ta yi, gyaɗa da wake ne ke fara tafiya kasuwa, domin su ke kawo kuɗi. Hatsi ake bari a rumbu. A lissafin aljihu hakan daidai ne, amma a lissafin jiki akwai giɓi, musamman a gidan da tuwon masara ya zama abincin safe da dare.

Giɓin ya shafi bitamin B3, wato niyasin. Sai jiki ya mayar da shi wani sinadari mai suna NAD kafin ya amfana da shi. Aikin NAD dako ne. Idan ƙwayoyin jiki suka farfasa sukarin da ke cikin tuwo, shi ke ɗaukar ƙarfin da ya fito, ya kai inda ake mayar da shi kuzari, ya dawo fanko ya sake ɗauka. Idan ɗan dakon ya yi ƙaranci, fata da hanji da ƙwaƙwalwa ne ke fara kokawa.

Namiji baligi na buƙatar kimanin miligiram 16 na niyasin a rana, mace 14. Hanta na iya haɗa shi daga tiriftofan, wani ɓangare na furotin, sai dai cinikin da tsada: miligiram 60 ke ba da ɗaya tak, kuma sai da taimakon bitamin B2 da B6.

Masara ta gaza ta hanyoyin biyu. Tiriftofan ɗinta kaɗan ne, yawancin niyasin ɗinta kuwa a ɗaure yake, hanji ba ya iya zuƙe shi. Mutanen Meziko, asalin masara, sun daɗe suna dafa ta da ruwan farar ƙasa, wanda ke kwance ɗaurin. Masara ta iso Afirka, dabarar ba ta biyo ta ba.

Sakamakon shi ne cutar pellagra: fata ta yi baƙi ta tsattsage a wuya da bayan hannu, inda rana ke duka, sai gudawa, sai ruɗewar hankali da ake iya ɗauka taɓin aljanu ne. A 1990 ta kama kimanin mutum 18,000 cikin 'yan gudun hijirar Mozambik a Malawi, bayan rabon gyaɗa ya yanke na wasu watanni aka bar su da garin masara. Gyaɗar nan, har ƙuli-ƙulinta, tana cikin abincin da ya fi niyasin.

Tun 2002 gwamnatin tarayya ta wajabta wa manyan masana'antun fulawa ƙara bitamin a garinsu, kuma NAFDAC na cikin masu sa ido. Sai dai uwargida a 'Yankwashi ba garin kamfani take tuƙawa ba. Hatsinta take aikawa injin niƙa na unguwa, inda dokar ba ta kai ba.