3.4 Ma'anar Ginin Fada a Tsofaffin Hotuna

Tun da Turawa suka ci Kano a shekarar 1903 suka riƙa ɗaukar hotunan ganuwa da ƙofofi da Gidan Rumfa. Idan aka dubi waɗannan hotuna, abubuwa uku ne suka fi fitowa, wato doguwar katanga da soron ƙofa da zankwaye. Su ne kuma suke bambanta gidan sarauta a karkara, kamar gidan Sarki na Fanisau, arewa da birni, inda Ibrahim Dabo (1819-1846) ya yi ribaɗi lokacin yaƙinsa da Ɗantunku.

A ƙasar da manomi yake kewaye gidansa da dangar kara, tsawon katanga yana nuna yawan jama'ar da mai gida yake iya tarawa don aiki. Faɗin soro kuwa alamar wadata ce, saboda tsadar azara.

Sai dai galibin hotunan daga waje aka ɗauke su. Ba su nuna jerin sorayen da baƙo yake ratsawa ba, alhali inda aka tsayar da mutum shi yake bayyana matsayinsa a fada. Saboda haka wajibi ne mai nazari ya haɗa hoto da bayanin magina da fadawa.