Takaful da Inshorar Kamfani: Awo ga Ma'auratan da Za Su Hau Teku

Ruwan da mutumin garin Sarkin Yamma ya sani shi ne Gulbin Maraɗi, mai cika da damina ya janye da rani, sai tafkin Madarunfa inda masunta ke tura kwale-kwale. Labarin teku kuwa a bakin tsofaffin alhazai ake jinsa, waɗanda suka ratsa Cadi da Sudan, suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. A kan wannan ruwan ne manyan jiragen shaƙatawa ke yawo a yau. A 2021 jirgin MSC Bellissima ya fara ɗaukar fasinja daga Jidda, a watan Disamba na 2024 kuma jirgin AROYA, mallakar Saudiyya, ya yi fitarsa ta farko. Don haka ba abin mamaki ba ne magidanci ya sayar da ayarsa da wakensa, ya ɗauki uwargida zuwa umra, 'ya'yansu kuma su ce a ƙara wa tsofaffi 'yan kwanaki a kan ruwa. Tambayar da ke biyo baya ita ce: wace inshora za su riƙe, ta kamfani da aka saba, ko takaful?

Kafin a ɗora su a kan sikeli, akwai abin da ya kamata a fayyace. Tun 2020 Saudiyya ta haɗa inshora da bizar umra, a farkon 2023 ta rage kuɗinta daga riyal 235 zuwa 87. Wannan inshora tana ɗaukar jinyar gaggawa har riyal 100,000, amma an yi ta ne don baƙon da ke cikin ƙasar Saudiyya. Jirgin da ya doshi Safaga ta Masar ko Aƙaba ta Jodan ya bar iyakar da take aiki. Ma'auratan da za su hau irin wannan jirgi suna bukatar takarda ta biyu, kuma a nan hanya ta rabu.

Ta fuskar asali, inshorar kamfani a bakin teku ta tashi. Fataken Italiya ne suka fara rubuta ta don kayan da suke lodawa a jirgi, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin takardunta da aka sani an rubuta ta a Jenowa a 1347. Kasuwar Lloyd's ta Landan ta samo tushe daga shagon gahawar Edward Lloyd, inda masu jirage ke taruwa a ƙarshen ƙarni na 17. Takaful ma maganarta daga teku ta faro. Ibn Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa da ya rasu a 1836, yana cikin farkon waɗanda suka duba kuɗin da fatake ke biya don a lamunce musu kayan jirgi, kuma bai gamsu da cinikin ba. Sai bayan kusan ƙarni ɗaya da rabi, a 1979, aka buɗe kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan, Malesiya ta yi wa takaful doka a 1984. Ɗaya tana da gogewar ɗaruruwan shekaru, ɗaya ba ta cika hamsin ba. Ta farko tsoron asara ya haife ta, ta biyu neman halal.

Babban bambancinsu yana wajen mallakar kuɗi. A inshorar kamfani ciniki ake yi. Ka biya, kuɗi ya zama na kamfani, shi kuma ya ɗauki alkawari. In kun dawo lafiya, kuɗin ya tafi ke nan. In tsautsayi ya faɗa, kamfani zai biya ko da abin ya ninka naka sau ɗari. Kyawun wannan tsari shi ne alhaki na wuyan mutum ɗaya, an san wanda za a kama. Aibinsa kuwa, duk abin da kamfani bai biya ba ribarsa ce, kuma akasari yana juya kuɗin a inda ake cin ruwa.

A takaful gudummawa ake bayarwa. Abin ya yi kama da rumbun tsimi na ƙauye: kowa ya zuba nasa da kaka, wanda bazara ta matsa ya ɗiba, mai riƙe da makulli kuma ladan tsaro kawai yake ci. Asusun na mahalarta ne, kamfani wakili ne mai karɓar ladan wakilci, kwamitin malamai na duba inda ake juya kuɗin. In an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa waɗanda suka zuba. In asusu ya gaza, kamfani ya ba shi bashi marar ruwa. Kyawunsa ke nan. Aibinsa, ladan wakilci na iya cin kaso mai tsoka, rarar da za ta faɗo wa mai tafiyar kwana goma ba ta taka kara ta karya ba, kuma wasu kamfanonin takaful kan jingina da manyan kamfanonin da aka saba idan ba su samu na Musulunci da zai tsaya musu ba.

Malamai ma ba bakinsu ɗaya ba, ko da yake rinjaye a fili yake. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin Disamba 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda yawan gararin da ke cikinta, wato mutum na biya bai san ko zai karɓi wani abu ba, balle nawa. Ta halatta wadda aka gina kan gudummawa da taimakon juna. A ɗaya ɓangaren, Sheikh Mustafa al-Zarƙa, malamin Sham da ya rasu a 1999, ya tsaya kan halacci, yana ganin abin da aka saya shi ne aminci, kuma ana samunsa tun ranar da aka ƙulla. Da yawa daga masu hanawar kuma suna sassautawa idan doka ta tilasta ko larura ta matsa. Mai neman fita daga saɓani zai karkata ga takaful. Wanda bai same ta ba, yana da abin da zai kai gaban malaminsa.

Idan aka zo kan abin da ake biya, sai ratar ta tsuke. Ɗakin likitan jirgi ba kyauta ba ne, kuɗinsa daban da na tikiti, kuma ƙarfinsa taƙaitacce ne. Wanda ciwonsa ya tsananta sai an sauke shi a tashar da ta fi kusa, daga can wataƙila sai jirgin sama na jinya ya dawo da shi, abin da ke cin miliyoyin sefa. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen ba sa karɓar inshorar da ta gaza Yuro 30,000, kusan sefa miliyan 20, kuma mai hawa teku bai kamata ya yarda da ƙasa da haka ba. Takardun biyu duka suna lissafa jinya, kwashe marar lafiya, soke tafiya, ɓatan kaya da ɗawainiyar gawa. Duka biyun kuma, sau da yawa, ba sa haɗawa da tafiyar jirgin shaƙatawa sai an nema an ƙara kuɗi. Akwai abin da Musulmi zai tambaya a kowane ɓangare: in rai ya yi halinsa, takardar na biyan jana'iza a inda aka rasu, ko sai dai a ɗauko gawa zuwa gida?

Kasancewarsu biyu yana ƙara wasu tambayoyi. A teburin wakili za a miƙo takarda da Faransanci, a tsakiyarta akwai layin da ke tambayar ciwon da aka daɗe da shi. A nan maigida kan girgiza kai don kada farashi ya hau, alhali ƙwayoyinsa na cikin aljihun riga a ƙulle a leda. In uwargida ta taɓa shi ta ce, "Alhaji, ka faɗa musu maganar hawan jinin nan," to ita ce da gaskiya. Kamfani zai ƙi biya idan ya gano an ɓoye masa. Takaful ma za ta ƙi, kuma a wajenta ɓoyewar ha'inci ce ga 'yan'uwan da suka zuba gudummawa. Sai a tambaya: in an kwantar da ɗaya a asibitin Aƙaba jirgi ya wuce, wa zai biya masauki da tikitin ɗayan? In ɗaya ya kwanta kafin tashi, za a mayar da kuɗin mutum biyu ko na ɗaya? Su wa takardar ke kira dangi na kusa idan rasuwa ta hana tafiya? A wajenmu ƙanin uba uba ne, rasuwar abokiyar zama kuma ta isa a fasa komai, amma jerin da ke cikin takardar ya fi namu gajarta.

Akwai kuma abin da dukansu ke kaucewa. Ranar 6 ga Agusta 2023 aka rufe sararin samaniyar Nijar, ba a buɗe ba sai 4 ga Satumba. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 Saudiyya ta dakatar da shigowar masu umra, a watan da aka killace jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum sama da 3,700, fiye da 700 suka kamu da korona. Yaƙi, juyin mulki da umarnin gwamnati suna cikin abubuwan da yawancin takardu ke cirewa, wasu har da annoba. Sunan takaful ba ya goge waɗannan layuka, girman kamfani ma ba ya goge su.

Ta fuskar samuwa, inshorar kamfani ce a gaba. Nijar na cikin ƙungiyar inshora ta CIMA, wadda aka kafa da yarjejeniyar Yawunde a 1992, kuma kamfanoni irin su SNAR-Leyma, CAREN da SUNU sun daɗe suna aiki a ƙarƙashin dokarta. Ƙa'idojin takaful na CIMA sai a 2019 suka fito. A Najeriya an riga mu: hukumar inshora ta NAICOM ta fitar da nata tun 2013, a 2016 ta ba Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi. Mutumin Sarkin Yamma ya fi kusa da Katsina a kan Yamai, sai ya ga kamar ya bi ta Ɗan Isa ya sayo a can. Amma inshorar tafiya akasari mazaunin ƙasar ake sayar wa, kuma gidan da za a mayar da marar lafiya shi ne ƙasar da aka rubuta a takarda. A wajenmu kuma doka ta ce inshora ba ta fara aiki sai an biya, don haka rasit ya zauna tare da fasfo.

Ranar da abin ya faru, ba kamfanin da ya sayar da takardar ke ɗaga waya ba, wani kamfanin agaji ne da suka ɗauka. Tsofaffin kamfanoni sun fi yawan irin waɗannan abokan hulɗa. Masu takaful kuma kan ɗauki waɗannan kamfanonin agajin su ma. Abin tambaya a nan iri ɗaya ne: wa ke amsa waya da tsakar dare, da wane harshe, kuma su ke biyan asibiti kai tsaye ko sai mutum ya biya a mayar masa daga baya? Farashi kuwa shekarun matafiya, tsawon tafiya da ƙasashen da za a taka ne ke yanke shi a ɓangarorin biyu.

Bayan wannan awo, hukuncina shi ne: idan takardun biyu sun yi daidai wajen jinya, kwashe marar lafiya daga teku da ɗaukar nauyin abokin tafiya, takaful ce ta fi dacewa da waɗanda suka fito ibada, domin ta haɗa kariya da natsuwar zuciya. Idan kuwa takaful ɗin da aka samu ba ta kai teku ba, ko ba ta karɓar mazaunin Nijar, inshorar kamfani da ta cika sharuɗɗan ta fi fita hannu rabbana, bayan an ji ta bakin malamin da aka amince da shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku karɓo takardar tun da sauran makonni, ku sa ɗanku ko 'yarku mai Faransanci ya karanta muku ita layi-layi, miji da mata suna zaune, musamman shafin abubuwan da ba a biya. Duk alkawarin da wakili ya yi da baki, ku ce ya rubuta shi kafin ku sa hannu.